Katin Inna

"Wannan ba sunan Umma ba ne."

Dogo ne ya faɗa ta 'yar tagar ɗakin kati na asibiti, yana jujjuya tsohon katin da gefensa duk ya cinye. Sati uku rabona da jin muryarsa, tun ranar da Umma ta ce ya daina zuwa ƙofar gidanmu, ni kuma na kasa tsaya masa.

"Nata ne," na ce, idona a ƙasa. "Ka ɗauko mana fayil don Allah. Ba ka ganin halin da take ciki?"

Ya sunkuyo ya leƙa ta bayana. Umma na kan benci a dunƙule, ta dafe cikinta ta gefen dama, gumi na tsattsafo mata. Tun jiya take amai.

"Auta, na san sunan matar da na so ta zama surukata."

"Wanda ka sani na gida ne. Wannan shi ne na takarda."

Wani mutum a bayana ya buga tsaki. "Malam, in hira za ku yi ku bari a tashi aiki mana. Mu ma ciwo ne ya kawo mu, ba kallon kyakkyawa ba."

Dogo bai kula shi ba. Ya zuba min idanun nan nasa masu sanyi.

"Kin taɓa yi min ƙarya?"

"A'a..."

"To shi ke nan."

Ya juya, ya miƙa hannu can saman kanta inda sauran ma'aikata sai da tsani suke kaiwa, ya zaro wani fayil mai kauri. Da haka ya samu sunan Dogo a asibitin. Ya miƙa wa mai kai fayil, ya ce min a hankali, "Allah Ya ba ta lafiya."

Na koma wurin Umma. Ƙaryata ta farko gare shi ke nan.

Katin na Inna ne, ƙanwar Umma. Shekara tara ke nan su biyu suna amfani da shi, tun bayan rasuwar Baba. Wadda ciwo ya kama ta aika a karɓo. Na taɓa tambayar dalili, Umma ta ce layin buɗe sabon kati wuni guda ne, ta kuma gargaɗe ni kada in kuskura in faɗa wa kowa. Duk zuwanta taga ta biyu take bi, wurin wani tsoho mai kaurin gilashi da ba ya kallon fuskar mutane. Yau tagar a rufe take, tsohon ya tafi hutu.

"Ya ce wani abu?" Umma ta tambaya da ƙyar.

"Ya ce Allah Ya ba ki lafiya."

"Ba addu'arsa na tambaye ki ba."

Sai wajen ƙarfe goma aka kira mu. Likitan matashi ne, idanunsa sun yi ja, ga fayil tuli a gabansa, ga wasu a ƙasa an jingina da ƙafar tebur. Shi kaɗai ne a ɓangaren ranar. Ya ce Umma ta hau gado ta sassauta zani.

"Haba ɗan nan," in ji Umma. "Na haifi wanda ya girme ka. Danna ta sama, ai ciwon ba ya ɓuya."

Bai ja da ita ba. Ya danna ta saman zanin, da ya saki hannu Umma ta saki wata ƙara da ban taɓa jin irinta a bakinta ba. Ya koma ya buɗe fayil yana bin shafuka da sauri, sai ya tsaya.

"Da na ce afendis ne, wannan 'yar hanjin da ke kumbura. To amma ga shi a rubuce, an cire miki shi shekara shida da suka wuce. Haka ne, Mama?"

Inna aka yi wa aikin nan. Ni na yi jinyarta, ni na riƙa wanke mata kwanuka a famfon bayan ɗakin mata.

"Likita..." na fara.

Hannun Umma ya damƙi wuyan hannuna, farcenta na shiga fatata.

"Haka ne," ta ce.

"To wataƙila ƙwayoyin cuta ne a hanji. Za mu kwantar da ke, a sa ruwa da allurai, mu ga yadda za ki wuni. Na gaba!"

A ɗakin mata aka ba mu gado na bakwai, kusa da taga. Sista, babbar nas ɗin ɗakin, wata ƙatuwar mace mai faɗa da saurin hannu, ta ɗaura ƙarin ruwa ta wuce. Ina jan labule na durƙusa a gaban gadon.

"Umma, kin ji abin da ya ce. Yana ganin an cire, alhali naki yana nan. Bari in faɗa masa."

"Ciwon ciki ne, zai wuce."

"In bai wuce ba fa?"

Ta juyo da kanta. Leɓɓanta sun bushe, amma idonta tar yake.

"Auta, ki saurare ni. Kika buɗe baki a kan katin nan, ban yafe miki ba."

"Umma!"

"Na gama magana."

Na zauna a kujerar roba ina kallon ruwan nan yana ɗiga ɗaya bayan ɗaya. Matar gado na shida, wadda aka ɗaure wa ƙafa, ta leƙo ta gefen labule.

"'Yan mata, ki kwantar da hankalinki. Asibitin nan ƙarami ne amma suna da hannu. Abu ɗaya ne, duk abin da ke cikin fayil shi ne gaskiyarsu. Ni sai da na rantse musu shekaruna arba'in, suka ce fayil ya ce hamsin."

Ta yi dariya. Ni kuwa ban taya ta ba.

Azahar ta yi, ta wuce. Jikin Umma ya ɗauki zafi kamar garwashi. Sista ta zo ta auna, ta ɓata fuska, ta rubuta, ta ce likita na ɗakin haihuwa. Na kira Inna a waya na ce ta zo yanzu-yanzu. Na kira Yaya, babban wana, wayarsa a kashe, yana kan hanya da motar kaya.

Wajen ƙarfe biyu da rabi Umma ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

"Kin gani? Ya lafa. Kamar an zare min ƙaya."

Na ji daɗi na ɗan lokaci. Amma fuskarta ta yi fari fat, numfashinta gajere-gajere, cikin kuma da na taɓa ya yi tauri kamar katako. Na ce mata zan je in samo ruwan zafi. Na fita, ƙafafuna suka kai ni ɗakin kati.

Layi ya watse. Dogo na tsaye yana mayar da fayiloli mazauninsu. Na shiga ta ƙofar da aka rubuta ba a shiga.

"Tambaya zan yi maka."

"Ina ji."

"In mutum yana da afendis, ciwon ya yi tsanani, sai kuma ya lafa farat ɗaya... sauƙi ne?"

Ya ajiye fayil ɗin da ke hannunsa.

"Ni ba likita ba ne. Amma shekara biyu ina jin abin da suke faɗa a barandar nan. Sun ce wani lokacin fashewa ya yi." Ya matso. "Fayil ɗin da na ɗauko da safe an rubuta tiyata a bangonsa. Wa aka yi wa?"

Hawaye suka ɓalle min.

"Inna."

"Innalillahi... Auta."

"Ka yafe min. Ta ce in na faɗa ba ta yafe min ba. Uwata ce, Dogo, ya zan yi da bakin uwa?"

Ya zare makullin ɗakin daga ƙusa.

"Ke ba za ki faɗa ba. Ni ban yi mata alkawari ba."

Na tare ƙofa. "In kai ka faɗa, shi ke nan ni da kai. Da ma ƙiris take jira. Har abada ba za ta ba ka ni ba."

"Na sani."

"Kuma za su ce ka ga sunan da safe ka ƙyale."

"Na gani, na kuma ƙyale. Gaskiya za su faɗa." Muryarsa ta yi rauni. "Tawa, wallahi ban taɓa son wani abu kamar yadda nake son ki ba. Amma gara ta ƙi ni tana raye. Matsa."

Ya wuce ni ya miƙi baranda da dogayen ƙafafunsa. Na tsaya ina kallon bayansa. Mutumin da aka kora daga ƙofar gida zai je ya ƙarasa rufe wa kansa ƙofar, saboda uwar da ba tasa ba. Ni kuma da ta haifa ina tsaye ina lissafin albarka.

Na cire takalmana na kwasa da gudu. Na wuce shi a daidai ɗakin shan magani, na banka ƙofar ɗakin mata.

"Sista! Katin ba nata ba ne. Ba a taɓa yi mata aiki ba, ƙanwarta aka yi wa."

Sista ba ta tambaye ni komai ba. Ta taka zuwa gado na bakwai, ta yaye labule, ta kama bakin zanin Umma.

"Mama, ni mace ce, yau babu kunya."

Ta duba. Babu tabo ko na ƙwayar gero.

"Ke, kira min likita a ɗakin haihuwa, ki ce na ce ya bar komai," ta ce wa wata ƙaramar nas. "A shirya tiyata."

Umma ba ta yi faɗa ba. Kallona kawai ta yi, sannan ta juya fuskarta bango. Da duka ta yi min da ya fi min sauƙi.

Ana cikin haka Inna ta faɗo da fulas a hannu, mayafi na jan ƙasa, tana haki.

"Ina Yayata? Me ya same ta?"

"Ke ce mai katin?" in ji Sista.

Inna ta dube ni, ta dubi fayil. "Mu ne."

"Ku ne? Ku biyu ciki ɗaya gare ku?"

"Ai ciki ɗaya muka fito, Sista..."

"Ki ajiye min wasa. Mai allurar barci ba zai taɓa ta ba sai ya san wane ciwo ne nata, wane magani take sha. Ita kuma ta ƙi magana." Ta dangwara wa Dogo, da ya iso ya tsaya a bakin labule, fayil ɗin a ƙirji. "Kai ka san takardun nan. Minti goma na ba ku, ku raba min matan nan biyu."

A bencin ƙofar tiyata muka zauna. Dogo ya kwance zaren fayil ɗin, ya ɗora a gwiwa, yana ɗaga shafi ɗaya-ɗaya.

"Hawan jini?"

"Nata," in ji Inna.

"Ciwon suga?"

"Nawa. Ita ko shayi ba ta sa wa sukari, don rowa."

"Karayar yatsa?"

"Nawa, ƙofar mota ce."

"Allurar da ta kumbura fuska?"

"Nata! Ka rubuta da manyan baƙi, ta kusa kashe ta."

Ya ware gefe biyu a kan benci, hannunsa na sauri ba ya kuskure. Sai ya iso wasu shafuka masu ruwan ɗorawa, da yawa, an haɗa su da ƙaramar ƙusa. Ya karanta na sama, ya rage murya.

"Asibitin ranar Talata. Na wa?"

Inna ta kawar da kai. "Nawa ne."

"Inna..."

"Na ce nawa ne. Ba sunana ne a kai ba?"

"Inna, ba don in sani nake tambaya ba. Maganin da aka rubuta a nan, dole mai allurar barci ya san tana shan sa ko ba ta sha. In aka yi kuskure a nan, ba a gyarawa."

Ban san mene ne asibitin ranar Talata ba. Amma na tuna wani abu.

"Wata 'yar farar ƙwaya ce ƙarama? Tana cikin gwangwanin alluran ɗinkin Umma. Kullum da safe take sha, ta ce ta ciwon kai ce."

Inna ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka.

"Nata ne."

Dogo ya tattara ɓangaren Umma ya ruga ciki. Bayan ɗan lokaci aka turo ta a gado aka wuce da ita, ƙofar ta rufe, jar fitilar sama ta kama.

Inna ta riƙe hannuna tana share hanci.

"Lokacin da babanku ya rasu kina 'yar sha uku. Kin tuna watannin da aka ce ta tafi wurina hutawa? Ba hutu ba ne. Ba ta ci, ba ta barci, ba ta magana, sai ta zauna ta zuba wa bango ido. Na kawo ta nan, aka ce ciwon damuwa ne, ranar Talata likitan ƙwaƙwalwa ke zuwa. A bakin tagar can ta tsaya ta ce ba za a rubuta sunanta ba. Ta ce tana da 'ya'ya mata uku, gobe wani ya ji ya ce 'ya'yan mahaukaciya ne, wa zai aure su? Ni maza na haifa. Na zaro katina na ba ta."

"Shi ya sa ta ƙi Dogo," na ce, maganar na fita da kanta.

"To da me kike zato? Tana ta cewa mai jera kwali ne, ba likita ba, ba nas ba. Duk bakin banza ne. Ranar da kika ce mata a ɗakin kati yake aiki, a gidana ta wuni tana kuka. Ta ce duk mazan duniya ki rasa wanda za ki kawo sai mai makullin asirinta."

Awa biyu da rabi muka yi a bencin nan. Duk wanda ya fito sai na miƙe. Dogo ya dawo ya tsaya can nesa jikin ginshiƙi, bai zauna ba, bai tafi ba. Rana ta yi sanyi kafin likita ya fito yana cire hular tiyata.

"Ya fashe, amma mun wanke cikin. Da an kai gobe, da wani zancen ake yi." Ya murza idonsa. "Ni ma da laifina, da na dage na duba cikin da idona. Wa ya faɗa?"

Inna ta nuna ni.

"Ke kika ceci mahaifiyarki."

Na gyaɗa kai kawai. Ni dai abin da ke kunnena shi ne, ban yafe miki ba.

Kwana biyu Umma ba ta yi min magana ba. In na miƙa mata ruwa sai ta karɓa a hannun Inna. In na gyara mata matashi sai ta rufe ido. Matar gado na shida ta ce, "Ki bar ta, 'yan mata. Wanda ke da ƙarfin fushi ai ya warke."

A rana ta uku da hantsi aka yi sallama a bakin labule. Dogo ne, da fayil biyu a hammata. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta. Umma ta amsa ba ta dube shi ba.

"An ce sun ba ka takardar gargaɗi."

"Eh, Umma. Na cancanta."

"Ka karanta?"

"Na karanta. Aikina ne."

"Duka?"

"Duka, Umma."

Ta dubi rufin ɗakin. "To ka san irin gidan da ka so shiga. Allah Ya rufa maka asiri, ka tsira."

"Umma, fayil dubu goma sha ɗaya ne a ɗakina. Akwai na limamai, akwai na malaman makaranta, akwai na mahaifina. Shi ma shekara huɗu yana zuwa ranar Talata, ni nake rako shi, a nan na fara sanin ɗakin kati. Ban taɓa fita da shafi ɗaya a bakina ba." Ya ɗago kai. "Abin da na gani a naki, mace ce da ta yi shekara tara ba ta tsallake ranar ganin likita ko sau ɗaya ba, ta kuma aurar da 'ya'ya biyu. Ban ga abin gudu ba."

Ya zaro wani sabon kati fari ƙal daga aljihun gaba, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Ba don maganata na zo ba. Wannan na kawo. Naki ne, ke kaɗai."

Umma ta karɓa. Ta nisanta shi da idonta don ba ta da gilashi, ta bi rubutun da babban yatsa a hankali, daga farko har ƙarshe. Hawaye ya gangaro ta gefen idonta ya shige kunne.

"Ka rubuta shi daidai," ta ce.

"Ai na gaya wa Auta na san sunan."

Inna ta fizge tsohon katin daga kan lokar gefen gado ta cusa a jaka. "Alhamdulillahi, na samu kaina. Shekara tara ana yi min faɗan hawan jinin da ba nawa ba."

"Rufe min baki, kada ki sa ni dariya ɗinki ya farke." Umma ta juyo, karon farko cikin kwana uku ta dube ni sosai. "Ke kuma mai gudu ba takalmi, zo nan."

Na durƙusa na kifa kaina a gefen gadon. "Umma, ki yafe min..."

Hannunta mai allurar ruwa ya sauka a kaina.

"Tsoro ne ya yi waccan maganar, ba uwarki ba. Na yafe, duniya da lahira. Allah Ya ba ki masu yi miki irin wannan rashin jin maganar."

Kuka ya ci ƙarfina. Ta bar ni na yi mai isata, tana shafa kaina, katin na riƙe gam a ɗaya hannun.

"Tashi ki ba mutumin nan kujera, tsayinsa na sa min jiri ko a durƙushe." Ta gyara kwanciya tana cije leɓe. "Kai kuma, ka ce wa mahaifinka ina son ganinsa. Amma sai an cire min zare."

"Wace rana zan ce masa, Umma?"

Ta sake duban katin.

"Ka ce masa Talata. Ai ranar duk a asibitin nan muke."